Hoton Farko na Kamfanin Baba

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani kaf, na san akwai abu ɗaya da zai bar mini, don ba irin wanda ake mantawa ba ne. Ni da hannuna na jefa hoton mahaifiyata a wuta. Shi kaɗai ne hotonta a duniya, ni kuma ban taɓa sanin kamanninta ba. An fi shekara goma da yin abin, amma har yau in ana ƙona takardu a layinmu tashi nake in shige ɗaki.

Ban cika kwana arba'in a duniya ba ta rasu. Gwaggona, yayar Babana, ita ta ɗauke ni ta tafi da ni Shasha inda mijinta ke sayar da albasa. A can na girma, sai an yi hutun makaranta ake kawo ni Sabo, unguwar Hausawa a garinmu na ƙasar Yarbawa, wurin Baba. Ni ce ta fari, ni ce kuma auta, don auren da ya sake bai yi ƙarko ba, ba a kuma samu rabo ba. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa Uwata yake kira na. Mutum ne mai alkunya irin ta mutanen da, bai taɓa ɗauko zancen mahaifiyata a gabana ba. Sau biyu na tambaye shi ko akwai hotonta, sau ɗaya ina firamare, sau ɗaya ana jibi za a ɗaura mini aure. Duka biyun amsa ɗaya ya ba ni: "Ki yi mata addu'a, Uwata, ita ta fi buƙata." Sai daga baya na lura bai taɓa ce mini babu ba.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne duk tsofaffin Sabo da hoto suka san Baba. Ba wai ɗauka yake yi ba, a'a, shi ne mai ƙera kyamarar.

Asalinsa kafinta ne. Yana da 'yar rumfa a bayan masallaci inda yake buga benci da ƙofofi da akwatunan da fatake ke zuba kaya. Wata rana wani Bayarabe mai ɗaukar hoto daga unguwar Mokola, wanda muka taso muna kira Baba Onifoto, wato mai hoto da Yarbanci, ya kawo masa kyamararsa ta faɗo daga mota ta tsage. Irin ta da ce, ta katako mai ƙafa uku, wadda ake kafawa a bakin titi, ka zauna a ɗauke ka, ka jira a wanke a miƙo maka nan take. Daga ƙasar waje aka zo da ita, shi kuma a wurin maigidansa ya gaje ta. Baba ya kwance ta ɓangare-ɓangare, ya juya wannan ya juya wancan, sai ya ɗago ya ce, "Yanzu wannan ce kake wa kuka? Ai akwati ne kawai aka maƙala wa gilashi a goshi." Onifoto ya ce to in akwati ne kawai, yi mini irinsa mu gani. Baba ya ce kawo gilashi.

Kamfanin ke nan fa. Onifoto shi ke shiga Legas ya tsinto gilasan tsofaffin kyamarorin da suka mutu. Baba ya haɗa akwatin, ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya bi ya toshe duk kafar da haske zai iya kutsawa. Wani tela maƙwabcinsu kuma ya ɗinka musu baƙin hannun riga da mai hoto ke zura hannunsa ta ciki ya yi wanki. Mutum uku, rumfa ɗaya, amma suka sa aka rubuta musu allo wai kamfanin ƙera kyamara. 'Yan goro da ke zama a gefe suka samu abin yi, da sun hango Baba sai su ce, "Manaja, yaushe za a fara lodi zuwa Ingila?" Tsiyar ba ta daɗe ba. Lokacin kowa na neman hoton fasfo, maniyyata da 'yan makaranta da masu neman aiki, kyamarar Baba kuwa ga sauƙi ga ƙarko. Masu hoto na tashoshin mota suka riƙa zuwa har sai mutum ya jira layi, wasu ma a motar goro ake ɗaure musu ita a kai musu Arewa.

Ni ban riski wannan zamanin ba. Kafin in yi wayo hoto mai kala ya shigo, kasuwarsu ta mutu murus, aka sauke allon, Baba ya koma kan bencinsa da ƙofofinsa. Abin da na taso na gani shi ne wata tsohuwar kyamara guda ɗaya a saman kwabarsa, lulluɓe da buhu. Yadda take aiki ban sani ba, ban kuma taɓa damuwa in tambaya ba.

Abin ya faru ne cikin wata damina, ina da 'ya'ya uku a lokacin, ina sayar da wake da gero a kasuwar Bodija. Tari ya sarƙe Baba har aka kwantar da shi a asibiti. Likitan da ke duba shi ya kira ni gefe ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai an raba shi da ƙura da danshi da tsofaffin takardu, in akwai su a inda yake kwana. Na ce a raina, in akwai su? Ai ɗakin Baba su ne a ciki, shi ɗan haya ne.

Duk wanda ya san ni ya san ba na shiri da tarkace. Mijina yakan ce in ya daɗe a zaune wuri ɗaya shi ma sai in share shi in kai bola. Na daɗe ina haƙon ɗakin nan, kullum na ɗauko tsintsiya sai Baba ya ce, "Bar mini kayana yadda suke." To yau ga shi ba ya nan, ga kuma izinin likita a hannuna. Ranar wata Laraba da hantsi na bar wa maƙwabciyata tsaron rumfa, na hau keken haya mai ƙafa uku sai Sabo. Na ɗaure ƙugu, wata mata da ke haya a gidan, Maman 'Yan Biyu muke ce mata, ta zo ta kama mini.

Mun sha aiki. Tsofaffin jaridu da fumfuna ta cinye, guntayen katako da gara ta rarake, kyankyasai kuwa ba a magana. Da muka ja gadon sai ga wani gwangwanin biskit mai tsatsa can jikin bango. Na sa bakin cokali na ɓalle murfin.

Takardu ne a ciki danƙam, kowace kamar girman tafin hannu, kowace da mutum a jiki. Amma wane irin mutum! Fuska fara fat kamar an shafa mata alli, ƙwayar ido fara, farin idon kuma baƙi. Wanda ya yi murmushi haƙoransa baƙaƙe wuluk. Tsofaffi ga su da baƙin gemu da baƙar hula da baƙar riga. Ni na san fim ɗin nan mai ruwan ƙasa da ake ba mu a ambulan in mun je wankin hoto muna 'yan mata, amma hoto a kan farar takarda da irin wannan kama ban taɓa gani ba.

Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta kafaɗata, sai ta yi baya tana dafe ƙirji. "A'uzu billahi! 'Yar Baba, waɗannan ai ba mutane ba ne. Wallahi wani abu aka yi wa tsohon nan aka tura masa ƙarƙashin gado. Shi ya sa tarin nan ya ƙi jin magani."

Na yi dariya irin ta wadda ta yi boko. Na ce, "Haba, wane irin asiri kuma? Hotuna ne da suka lalace wurin wanki. Ke ma kin san Baba da ajiyar abin da ba shi da amfani."

A ganina na fi ta sani. Ashe jahilcinmu ɗaya, nawa ma ya fi muni, don ita cewa ta yi a dakata a kira malam ya duba, ni kuwa cewa na yi miƙo ashana.

A bayan gida kusa da kwata muka tara sharar, na yayyafa kananzir na kunna. Ina ɗebo takardun da hannu ina watsawa har na kai ƙasan gwangwanin. A nan na ga wani abu daban, an naɗe shi cikin ƙyallen atamfa da ya koɗe, an ɗaure da zare, yana ƙamshin turare. Maman 'Yan Biyu ta ce, "Kin gani ko? Har da naɗi. Ni dai ba ruwana." Ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Na tsinke zaren na warware. Takarda ɗaya ce irin sauran. Mace ce zaune a kan turmi da aka kifa, da ɗaurin ɗankwali, ta sa hannu ɗaya ta rufe bakinta. Na dube ta, bai fi ƙiftawar ido biyar ba. Na sha jin ana cewa jikin mutum yakan ba shi in abu ya shafe shi. Ni nawa bai ba ni komai ba. Hayaƙi ne ma ya dame ni, na haɗa takardar da ƙyallen na cilla, na tsaya da sanda ina juyawa don kada wani abu ya rage.

Da yammacin ranar na kai wa Baba kunu asibiti. Na fi awa biyu a gefen gadonsa muna hira, ban ce masa uffan a kan gyaran ɗakin ba, wai ina so in ba shi mamaki.

Bayan mako guda aka sallame shi. Dama idanunsa sun soma yin yana, ɗaya ya rufe, ɗayan yana gani dishi-dishi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar ɗakin, ya ce, "An yi aiki. Allah Ya yi miki albarka." Na ji daɗi har cikin raina. Kwana biyu da dawowarsa, bayan la'asar, ina haɗa kwanuka zan tafi, ya ce in zauna.

"Uwata, mutumin da ke gadon kusa da ni a asibiti, da safe muka yi hira da shi, kafin azahar an fita da shi. Sai na ce a raina, in da ni ne fa? Akwai amanar da ban sauke ba. Janyo mini gwangwanin nan na ƙarƙashin gado."

Ban ɗauka wani abu ne babba ba. Na ce, "Wanda ke cike da lalatattun hotunan nan masu ban tsoro?"

Ya yi dariya har tarin ya taso masa. Da ya lafa ya ce, "Ba lalatattu ba ne, nagetif ke nan. Kyamararmu sau biyu take aiki. Ka buɗe murfin gilashi, ka ƙirga uku, ka rufe, ka zura hannu ka wanke takardar a cikin akwatin. Abin da zai fara fitowa a juye yake, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Shi za ka kafa a gaban gilashin ka sake ɗauka, sannan mutum ya fito yadda Allah Ya yi shi. Sauran duk na mutanen gari ne. Akwai ɗaya a ƙasa, a naɗe. Shi nake so."

Daga nan ya kawar da kai ya fuskanci bango, ya ba ni labarin da ya riƙe shekara talatin. Ranar da ya gama haɗa kyamara ta farko, Onifoto yana Legas, sai bayan kwana uku zai dawo. Baba ya kasa haƙuri. Dama abokin nasa ya nuna masa yadda ake yi, ya kuma bar masa takarda da ruwan wanki. Sai ya sa kyamarar a buhu ya shigo da ita gida, ya kafa ta a tsakar gida da rana tsaka, ya ce wa mahaifiyata ta zo ta zauna a gwada. Tana da cikina wata shida a lokacin. Ta ce sam, ita matar kulle ce, ba za a kai fuskarta rumfa maza su yi ta kallo ba. Ya yi ta lallashi har ta yarda ta zauna a kan turmi. Da takardar ta fito, ya ga komai ya fita tas, babu inda haske ya ɓata, a nan ya san akwatinsa ya yi. Ita kuwa da ta leƙa sai ta ce, "Wannan aljanar ba ni ba ce, ajiye abinka. Amma ka yi mini alkawari ba za ka juya shi ba." Ya yi mata. Ba a yi wata biyar ba ta rasu.

"Shi ne hoton farko da kamfaninmu ya ɗauka," in ji shi. "Ko Onifoto ban nuna wa ba. Na san maza ta hana, ba ke ba. Na ce sai kin yi wayo. Da kika yi wayo kuma sai na rasa ta inda zan fara. An ce mini yanzu ko da waya ana juya shi. Ɗauko, ki sa a juya miki, ki ga uwarki."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Yana zaune yana jira, ya miƙo hannu. Sai na ji bakina yana cewa, "Na kai shi gidana, Baba, saboda danshi. Zan kawo maka."

"To, madalla. Ki kula da shi."

Ina fita na zagaya bayan gida kamar mahaukaciya. An yi ruwa sau uku tun ranar, tokar ma ta bi kwata, sai baƙin tabo a ƙasa. Na tsuguna ina tona laka da yatsu, ni kaina na san babu abin da zan samu. A wurin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Gwaggo.

Washegari da safe na hau okada, wato acaɓa, zuwa Mokola. Na samu Baba Onifoto a barandarsa, ya tsufa tukuf, yana shan iska da ɗan mafici. Na durƙusa na gaishe shi da Yarbanci. Yana ganin idona ya ce, "Omo mi, 'yata, lafiya? Ko abokina ne?" Na ce Baba yana nan da sauƙi, na kwashe komai na gaya masa. Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya daɗe yana girgiza kai yana cewa, "Ah! Ah! Ah!"

Na ce ko akwai wani a wurinsa, ko ya taɓa juya shi a ɓoye. Ya ce, "Na san da zancen hoton, amma idona bai taɓa ganinsa ba. Nagetif ɗaya ne, omo mi, ba shi da na biyu."

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini. Na ce, "Baba Onifoto, idonsa ba ya gani sosai. In kana da tsohon nagetif na wata Bahaushiya, ka ba ni in kai masa. Ba don kaina ba, don kada baƙin ciki ya kashe shi."

Ya ajiye maficin ya dube ni sama da ƙasa. "Ba zan ba ki ba. Na fi shekara talatin da sanin mutumin nan, ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba kuma zan fara a bakin kabari ba. Tashi ki je ki gaya masa gaskiya. Oya, maza."

Ban ji ba. Ni fa in na ƙulla abu a raina sai na ga ƙarshensa, halin da ya sha jefa ni a wahala ke nan. Ranar Juma'a na faki lokacin da maƙwabta suka riƙa Baba zuwa masallaci, na taka kujera na sauko da tsohuwar kyamarar nan. Na buɗe 'yar ƙofar bayanta, sai ga wata 'yar aljihu a ciki da ragowar nagetif guda huɗu. Uku maza ne. Ɗaya mace ce da mayafi, da alama maniyyaciya ce ta wancan zamanin. Na yanki sabuwar atamfa na naɗe ta, na ɗiga turare, na ɗaure da zare.

Da ya dawo ya huta, na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci. Ya ce, "An sauya ƙyallen."

Na ce, "Fumfuna ta ci wancan, Baba."

Ya kwance zaren a hankali, ya fito da takardar. Ina jira ya kai ta kusa da idonsa mai ɗan gani, sai na ga bai kai ba. Babban yatsansa ya sa yana bin gefenta, ya zagaye kusurwa huɗun, ya sake zagayewa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Wannan almakashin Onifoto ne ya yanka shi. Nata ni na yanka da wuƙar aikina, ina ɗoki, gefe ɗaya ya karkace." Ya ajiye takardar a kan cinyarsa. "Ina yake?"

Ban san lokacin da na kifa kaina a kan ƙafafunsa ba. Na faɗi komai, da gwangwanin, da ashanar, da ƙaryar cewa yana gidana, da zuwana Mokola. Na gama ina jiran ya yi faɗa, wallahi da ya ɗaga hannu ya mare ni da na ji sanyi. Bai yi ba. Da na ɗago sai na ga hawaye na bin gemunsa. Tunda nake ban taɓa ganin Babana yana kuka ba sai ranar.

Can ya ce, "Duk Juma'a in na dawo masallaci nakan buɗe shi. Da farko in na dubi takardar sai in tuno fuskarta. A kwana a tashi, sai ya zama in na rufe ido takardar nake gani, farar fuska da fararen idanu. Ainihin kamanninta ya gudu mini, Uwata, ban ma san ranar da ya gudu ba. Da na ce ki sa a juya, ba don ke kaɗai ba ne. Na so in gan ta sau ɗaya kafin wannan idon ya ƙarasa."

Wannan maganar ita ta fi komai yi mini ciwo. Ni a tunanina kaina na cuta. Ashe har da shi.

Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Kin dube shi kafin ki jefa?"

"Na duba."

"Me kika gani?"

"Mace a kan turmi. Ta rufe baki da hannu."

Ya gyaɗa kai. "Dariya take dannewa. Na ce kada ta motsa sai na ƙirga uku, ita kuma tana ganin na tsuguna a bayan akwati kamar mai leƙen tukunya." Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya tafi. "Wutar ban riƙe ki da ita ba. Ba ki sani ba, kuma ni na hana ki sani, na rufe bakina shekara talatin. Amma wannan," ya taɓa takardar da ke cinyarsa, "kina sane kika naɗo. Da hannuna bai gane ba, haka za ki bar ni in yi ta kallon matar wani har in mutu?"

Ya miƙo mini takardar.

"Mayar da ita inda kika ɗauko ta," ya ce. "Ita ma uwar wasu ce."

Kafin a kira magariba ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ya sa mini albarka, ya ce in tashi in tafi yara na jira. Bai sake tayar da zancen wutar ba. Bai kai damina ta gaba ba Allah Ya karɓi abinsa. A 'yan watannin da suka rage masa bakinsa ya buɗe, kullum na zo sai ya ba ni labarinta, yadda take son ɗanwake, yadda take tsoron tsawa, yadda ta koyi Yarbanci cikin wata uku ta fi shi iyawa. Fuskar ce dai ya kasa ba ni. Yakan ce, "Tana da wushirya," can kuma ya ce, "Ko kuwa ƙanwarta ce mai wushiryar?"

Abin da wannan ya koya mini, na biya shi da tsada. Duk abin da ka ga tsoho ya naɗe ya ɓoye, ko ya yi maka kama da shara, akwai dalilin da ya sa ya naɗe shi, kuma shi kaɗai ya san dalilin. In yana da rai, je ka tambaye shi. Tsakanin ɗakin Baba da gadonsa na asibiti hawan keke ɗaya ne, da na sa takardar nan a jaka na ce, "Baba, wace ce wannan?" da yanzu tana rataye a falona. Na kuma gane cewa ɓarnar da mutum ya yi cikin rashin sani ba ta kai ƙaryar da ya ƙulla don ya rufe ta ciwo ba. Sannan mu iyaye, kunyar nan da muke yi wa 'ya'yanmu tana da kyau, amma kada ta kai mu ga tafiya da abin da yake haƙƙinsu ne su sani.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci. Kwanaki tana tsaye gaban madubi tana ɗaura ɗankwali za ta tafi biki, sai ta juyo ta ce, "Mama, wai ina kama da mai sunana?" Na ce mata ban sani ba. Ta ce ta yaya ba ki sani ba? Na ce ta ajiye jakar ta zauna, bikin ya jira. Na gaya mata dalili tun daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba.